A Rumfar Karta Ba Mai Tashi

Salamu alaikum, masu karatu. Maiturare ce ta Gadarif ta sake dawowa. Asia, rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini baki don kina ɗiyata mai boko. Ban shiga aji ba, amma na san abin da nake cewa.

Kafin in ci gaba, akwai wata a cikinku da ta rubuta a ƙarƙashin kashin da ya wuce wai ɗana ɗan iska ne, in bar yarinyar mutane ta huta. An karanta mini. Baiwar Allah, na ji. Ke kika yi naƙudarsa? To zauna ki saurara.

Ga wanda yau ya fara bin mu: Hamoda autana ne, shekararsa talatin da ɗaya, raksha yake tuƙawa, babur ɗin hayar nan mai ƙafa uku. Matarsa Rahma 'yar Mafaza ce, shekara biyu da aurensu, kuma auren so ne, irin son da har kunya yake ba ni a tsakar gida. Tana tuyar kisra, wainar dawarmu mai faɗi, yana tsugune yana yi mata fifita, wai hayaƙi na shiga idonta. Ni da na yi shekara arba'in a bakin murhu ba wanda ya taɓa tambayar idona.

Hamoda na caca. Ban ɓoye ba, ba kuma zan ɓoye ba. Karta yake yi a wata rumfa bayan kasuwar riɗi, har ya kai ga ɗaukar zoben zinaren da uwar Rahma ta bar mata ya kai can. Labari ya isa Mafaza. Ranar wata Talata ina kasuwa wajen sayen itacen turare, Hamoda na hanya da fasinja, sai uban yarinyar, Malam Jatau, ya zo da mota ya sa ta a gaba ya tafi. Ba sallama, ba jiran masu gida, miyar kuɓewa na kan wuta. Wayarta ma ya karɓe. Saƙon da ya bar wa maƙwabta shi ne, in yaron ya yi wata shida ba karta, a zo a yi magana.

Haƙƙin da nake bi ke nan. An shiga gidana ba na nan, an ɗauke surukata kamar akuyar da aka manta a kiwo. Ita nake so a dawo mini da ita, kuma a ce mini an yi ba daidai ba.

Sati uku aka yi a haka. Malam Jatau na can yana jin ya yi magani. Ku zo ku ga maganin! Yaron da dā sai ya yi wata biyu bai leƙa rumfar nan ba, ya koma kullum sai na tsare shi. In yana gida kuma ba ni da sakat. Na ɗauki buta, "Inna, ina za ki?" Ina za ni da buta, Auta, Makka? Ga tob ɗin Rahma shuɗi, wato lafayarta, da ta bari a igiya, ya hana a wanke, ya naɗe shi ya sa ƙarƙashin matashi. Ga saƙonni da yake aika wa wayar da ya san a kashe take. Asia ta karanta mini wasu:

"Rahma kin ci abinci?"

"Rahma na gyara ƙofar ɗaki, ta daina kuka."

"Ko ɗigo ɗaya ki turo in san kina nan."

Ranar Asabar aka yi suna a gidan Hajo, layi biyu da mu. Na san in na ce zan fita sai mun yi ta ja, don haka na jira ya shiga wanka, na zari tob ɗina mai ruwan goro, na riƙe takalmi a hannu, na sulale. Bayan azahar na dawo da ƙullin nama. Raksha na ƙofa, mai ita ba ya nan.

Ko naman ban ajiye ba. Na ratsa ta tsakanin buhunan riɗi, 'yan dako na kauce mini, har bakin rumfar. Zana ce da rufin tsofaffin buhuna, maza shida a tabarma, tire a tsakiya, warin taba kamar ya kwantar da mutum. Ga ɗana da karta a hannu, idonsa ya faɗa.

Mai rumfar, wani mai haƙorin azurfa, ya tare ni. "Hajja, nan ba wurin mata ba ne."

"Wurin maza ne? Nuna mini namiji ɗaya in gaishe shi."

Wani siriri ya yi dariya. "Ya zol, bawan Allah, tashi, uwarka ta zo ba ka nono."

Na ce, "Kai da taka ta damu da kai, ai da ta zo."

Na sa ƙafa na shure tiren, karta ta watse har waje. Na ɗauka Hamoda zai yi mini gardama a gaban abokansa. Bai yi ba. Miƙewa ya yi ya biyo ni kamar mai jira a zo a ɗauke shi.

Sai da muka kai gindin dalbejiyar da ke bakin layinmu sannan na juyo. "Awa uku, Auta! Awa uku na fita!"

"Na fito daga wanka na kira ki sau uku, Inna. Gidan shiru. Ƙirjina ya kama bugu, tafin hannuna ya jiƙe. Na ji kamar an yi mutuwa an ɓoye mini."

"Suna na je!"

"Yanzu na sani. A lokacin jikina bai sani ba."

"To me ke cikin rumfar nan? Ci kake yi?"

"Ba na ci. Ban ma damu in ci ba." Ya sunkuyar da kai. "A can, in aka raba karta, ba mai tashi. Duk wanda ya zauna yana nan sai an gama. In an gama sai in ce a sake rabawa."

Na sa shi a gaba muka shige gida, ko zagi ɗaya ban yi masa ba. Ni Maiturare.

Akwai wata da ta kama hayar ɗakin bayana tun da yaƙi ya koro su daga Hartum, Daktora Huda, 'yar Hausawan can ce. Likitar damuwa ce, wai aikinta sauraren mutane. Na daɗe ina yi mata dariya, ina cewa likitan da ba allura ai mai hira ne. Da la'asar ta same ni ina daka gahawa kamar zan fasa turmin. Hala take kirana, wato gwaggo a bakin mutanen nan.

"Hala, turmin ne ya yi miki laifi?"

Na zayyana mata komai. Ba ta ce Allah ya shirya ba, kamar yadda kowa ke faɗa ya wuce. Ta jawo kujera ta ce, "Tuna mini ranakun da ya je rumfar nan kafin a ɗauke Rahma. Me ke faruwa a gida a ranakun?"

Na fara tunawa don in nuna mata ba komai. Farkon zuwansa, satin da aka kai Asia gidan miji. Sai lokacin da na je ta'aziyya Gallabat. Sai kwana taran da Rahma ta yi a Mafaza wajen haihuwar yayarta. Zoben kuwa, lokacin da aka kwantar da Rahma asibiti aka ce maza ba sa kwana. Ina lissafawa murya na raguwa. Ba rana ɗaya a ciki da gidan yake cike.

"Yana ƙarami, in za ki yi tafiya, yaya kuke rabuwa?"

Na ce kamar kowa. Mu nan, in riɗi ya nuna, mata da maza sai gonakin Ƙala'at an-Nahal, a yi wata biyu ana yanka. Babbar mota na tsaye a ƙarshen layi ba ta jiran kukan yaro. Sai ki ba shi 'yan kuɗi ki ce je kanti ka sayo alawa, yana shan kwana ki haye mota. In ya dawo kakarsa ta rarrashe shi. Duk matan unguwa haka suke yi. Haka uwata ta yi mini.

"Babansa fa?"

Nan na ajiye taɓarya. Yahya mijina haka ya yi masa shi ma, yana ɗan shekara shida. Ya aike shi kanti, ya bi 'yan kasuwa Gallabat. Zazzaɓi ya kama shi a can, a can aka binne shi. Muka ga yaro ne, muka ce kada a gaya masa. Shekara guda muna ce masa Baba na zuwa, shi kuma yana zaune a bakin ƙofa.

Na hayayyaƙo mata. "To ni ce na lalata ɗana, ko? Faɗi! Ni da na yi yanka a rana har fatar hannuna ta tsage don ya ci?"

"Ba ki lalata kowa ba, Hala. Tausayi ne ya sa kuka yi, kuma yara da yawa sun wuce shi lafiya. Shi dai nasa ya zauna masa. Tun yana ƙarami ya koyi cewa in ya juya baya, mutum na iya ɓacewa har abada. Tsoron nan ya girma da shi. Na ga masu irinsa da yawa. Wani giyar araƙi yake sha ya danne shi, wani karta. Ba in ce duk mai caca haka yake ba, kuma wannan bai wanke shi daga laifin zoben ba. Amma in aka kashe kartar aka bar tsoron, wata ƙofar zai nema."

"Yana da magani?"

"Yana da shi, ba na kwana ɗaya ba dai. Akwai abokin aikina namiji, ya riƙa zama da shi duk sati. Ku kuma a gida, daga yau ba mai sulalewa. Mai fita ya kalli idonsa ya ce za ni wuri kaza, zan dawo lokaci kaza. Kuma ya cika. Sau goma, sau ɗari, har jikinsa ya yarda cewa ana tafiya ana dawowa."

Na ce, "Ashe abin da Jatau ya yi..."

Ta ce, "Wurin ciwon ya taka."

Ranar Litinin, gari na wayewa, na sa baƙin tob ɗina na zuwa fada, na turara shi sosai don kada a ce matsiyaciya ta zo roƙo. Ƙafata da kanta ta nufi ƙofa a hankali, sabo. Na dawo da ita. Na zaunar da Hamoda a kan angarib, gadon igiyar da ke tsakar gida, na zauna gabansa.

"Auta, za ni Mafaza wajen uban matarka. Kafin a kira magariba ina cikin gidan nan."

Ya ce, "In raka ki."

"A'a. In ya gan ka yanzu magana ta lalace. Ka zauna. Daktora na gida."

"In mota ta lalace fa?"

"In tura ta."

Na fita yana tsaye a ƙofa yana kallona. Jama'a, shekara talatin da ɗaya ban taɓa ganin fuskar ɗana ina tafiya ba, kullum ƙeyarsa nake gani. Ranar na gani. Ba ta da daɗin gani, amma ban gudu ba, na ɗaga masa hannu har na sha kwana.

Kafin azahar na isa Mafaza. Gidan Malam Jatau na kusa da kogi, shanu a gefe, shi yana ƙarƙashin rumfa cikin farar jallabiya yana jan carbi. Ya fara jero gaisuwa, ya gida, ya hanya, ya zafi. Na amsa biyu na yanke.

"Baban Rahma, ban zo shan shayi ba. Surukata na zo ɗauka."

"Hajiya, zauna tukuna."

"A gidana ka zauna?"

Ya ajiye carbin. "Zoben uwarta ne. Marigayiya da hannunta ta cire shi ta sa mata, kwana biyu kafin ta cika. Shi ɗanki ya kai wa 'yan karta."

Wannan ta shige ni, don gaskiya ce. Na zauna. Na ce, "Ɗana ya yi laifi, kuma zoben nan zai dawo ko da rakshar za a sayar. Amma laifinsa bai ba ka mabuɗin gidana ba. Me ya hana ka jira mu?"

"Na yi haka ne don kada a yi kuka. In yana nan zai riƙe ta, ta riƙe shi, a tara mana mutane. Na ga gara a yi shi shiru, ya fi sauƙi ga kowa."

Kun ji? Maganata ce sak, wadda na yi shekaru ina faɗa a bakin babbar mota. Sai na ji fushin nawa ya rasa inda zai tsaya. Na gaya masa labarin kanti da alawa, da Yahya, da abin da Daktora ta ce. Ina cikin faɗa Rahma ta fito da tiren shayi. Ta rame, lallen ƙafarta ya koɗe ba ta sake ba. Ta durƙusa ta ce, "Inna, sannu da hanya," hawaye na ɗiga cikin sukari.

Malam Jatau ya girgiza kai. "Maganar likitocin Hartum ke nan. Kowa an bar shi yana yaro. Ni ma an bar ni, ban yi caca ba."

"Kai ka yi sa'a. Ka gode wa Allah, kada ka yi mana alfahari."

Sai wayata ta yi ƙara a cikin jaka. Rahma ta leƙa ta ce, "Shi ne."

Uban ya ce, "Ɗaga, ki buɗe kowa ya ji. Kin ce kin yi masa sallama irin ta likita. To mu gani. In yana wajen karta, ki koma ke kaɗai, takardar 'yata kawai zan jira."

Rahma ta danna mini.

"Inna." A bayansa ana jin dariyar maza da ƙarar karta a kan tire. Na rufe ido. "Inna, ina bakin rumfar."

Malam Jatau ya ɗauki carbinsa kamar an gama magana.

"Ban shiga ba. Tun hantsi sau biyu ina zuwa ina komawa, wannan ne na uku. Suna ta kirana. Na ce bari in kira ki tukuna. Magariba kika ce, ko?"

"Magariba na ce."

"Sake faɗa."

Kafin in sake, Rahma ta fizge wayar. Yarinyar da ko ido ba ta haɗawa da ubanta.

"Hamoda."

Ta matso da wayar kusa da bakinta.

"Hamoda, ni ce. Ban guje ka ba, ka ji? Sallama ce ban samu na yi maka ba. Ina nan gidan Baba, lafiyata ƙalau. Yanzu juya ka ba rumfar baya. Ka juya?"

"Na juya."

"Me kake gani?"

"Buhunan riɗi."

"Bi ta gefensu. Kada ka kashe, ina tare da kai."

Haka ta tafi da shi, daga Mafaza, taki ɗaya bayan ɗaya. Ka wuce mai gyaran taya? Ka kai wajen mai shayi? Da ya kai famfon unguwa ta ce, "Miyar da na bari a wuta, wa ya wanke tukunyar?" Ya ce Inna. Ta ce, "Malalaci, ashe ba ka yi kewata ba." Sai na ji ɗana ya yi dariya, da majina da komai, dariyar da rabona da ita sati uku. Muna ji ya tura ƙofar gida, muna jin Daktora na ce masa sannu da zuwa.

Malam Jatau ya juya ya kalli shanunsa. Can ya ce, "Da ya ce yana masallaci, da ban sani ba."

Na ce, "Ɗana ɗan caca ne, ba maƙaryaci ba."

Ya shiga ɗaki ya fito da wayar Rahma ya miƙa mata. Ya ce yau ba za ta bi ni ba, don ba za a ce an zo an ƙwace masa 'ya a gidansa ba. Na ce au, ashe ka san zafin. Ya yi kamar bai ji ba. Ya ce Juma'a zai kawo ta da kansa, ta yi sati guda, ya ga likitan nan da idonsa, daga nan a san abin yi. Sannan ya yi ƙasa da murya ya ce, "Shigar da na yi gidanki ba kya nan, ban kyauta ba."

Na ce, "Ƙara murya, kunnena ya tsufa."

Ya ƙara. Sai a lokacin na sha shayinsa.

A hanyar dawowa direba ya tsaya zai ɗauki buhunan gawayi. Abin da na yi masa, fasinjoji ne suka ba shi haƙuri. Ladan na gyaran murya na shawo kwanar layinmu. Hamoda na zaune a ƙofa, ya share gaban gidan har ya yayyafa ruwa. Ya miƙe, ya kalle ni, ya kalli sama, ya karɓi jakata.

Na ce, "Juma'a za a kawo ta."

Ya ce, "Ƙarfe nawa?"

Na tsaya. Ban tambaya ba! Nan a bakin ƙofa na sa shi ya kira mini surukin nasa.

"Baban Rahma, Juma'ar nan ƙarfe nawa?"

"Hajiya, ai na ce Juma'a."

"Juma'a na da safe, tana da rana, tana da yamma. Wanne?"

"Bayan la'asar, in Allah ya so."

"Allah na so. Kai nake tambaya."

Ya yi ajiyar zuciya har ina ji. "Ƙarfe huɗu."

Yau Laraba. Jiya Hamoda ya je wajen abokin aikin Daktora, ya dawo ido jawur, ya ci kisra uku. Ban ce ya warke ba. Ɗazu ma da na je gidan Hajo na ce masa rabin awa, na dawo na tarar ya zagaye tsakar gida har ya yi hanya a ƙasa. Amma a tsakar gida na same shi. Wayarsa kuwa ba ta huta ba, sai murmushi yake yi mata kamar sabon ango, tob ɗin nan shuɗi ya yarda an wanke an goge.

Malam Jatau, na san 'ya'yanka na karanta wannan, kuma za su karanta maka. Akwai mutumin da zai tsaya a ƙofata jibi yana kallon hanya, ni kuma ina bayansa. Ƙarfe huɗu ka ce.